Haƙurin jaki ne, ko ciwon da ba mu koyi karantawa ba?

Mai_Lura:
Assalamu alaikum. Kwanakin baya na tsaya kusa da wani mai jaki a lokacin da yake sauke mangala, kuma da ya ɗaga akumarin sai na ga miki a gadon bayan jakin wanda faɗinsa ya kai tafin hannuna, gefensa ya yi fari ya taurare, tsakiyarsa kuma yana tsatstsafar da ruwa, ƙudaje sun yanyame shi tun kafin akumarin ya kai ƙasa. Mutumin ya ɗauko baƙin mai a cikin gwangwani ya shafa, ya mayar da akumarin daidai inda yake, ya sake ɗora kaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutumin ba azzalumi ba ne, domin na ga yadda ya shafa wuyan jakin yana yi masa magana, kuma da na tambaye shi sai ya ce jaki ba ya jin irin wannan, in da yana ji da ya nuna.

Jakunan duniya sun kai miliyan 50 ko fiye, mafi yawansu suna aiki ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma Habasha kaɗai tana da wajen miliyan 10. Ra'ayina shi ne, mafi yawan wahalar da waɗannan dabbobi suke sha ba rashin kuɗi ne ya jawo ta ba, sai dai mun ɗauki shirun jaki a matsayin shaidar cewa ba ya jin zafi. Ina so masu sani da waɗanda suka yi aikin da hannunsu su gyara mini idan na yi kuskure.

Tsohon_Mai_Amalanke:
Wa alaikumus salam. Malam Mai_Lura, na yi shekaru fiye da ashirin ina bin bayan jaki, kuma ina ganin ka faɗi rabin gaskiya ka bar rabi. Mutumin da ka gani ya san mikin nan yana da zafi, ko da bai faɗa maka ba, amma ya san kuma cewa irin wannan miki ba ya warkewa sai an ɗauke wa jakin kaya na makonni, shi kuwa rayuwarsa hannu baka hannu ƙwarya ce, ranar da jakin ya kwana biyu bai fita ba a ranar za a ga alamar hakan a tukunyar gidansa. Idan baƙo ya tsaya a kanka yana tambayar abin da ba ka da ikon gyarawa, amsar da ta fi sauƙi ita ce ka ce dabbar ba ta ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kada a raba talauci da wannan magana.

Likitar_Dabbobi:
Baba Tsohon_Mai_Amalanke ya faɗi abin da nake gani kullum a wurin aiki, amma ina so in ƙarfafa maganar Malam Mai_Lura ta fuskar halittar dabbar. Jaki ya samo asali ne daga jakin jeji na arewa maso gabashin Afirka, inda yake rayuwa a busasshen wuri, sau da yawa ba cikin babban garke ba, kuma dabbar da ta nuna rauni a irin wannan wuri ita namun daji suke fara bi. Saboda haka jaki yana ɓoye ciwonsa fiye da doki. Dokin da cikinsa yake murɗawa zai yi birgima, ya yi gumi, ya riƙa tonon ƙasa da ƙafa, kowa ya san akwai matsala. Jakin da yake cikin irin wannan hali sai ya tsaya cik, ya sunkuyar da kai, kunnuwansa su faɗi gefe, ya sa baki cikin abinci yana motsa leɓe kamar yana ci alhali bai haɗiyi komai ba. Mu a wurinmu, jakin da ya yi shiru fiye da yadda aka san shi kuma ya daina cin abinci, abin gaggawa ne, domin idan ya kwana biyu ko uku bai ci ba kitsen jikinsa yakan kwararo cikin jini da yawa har ya lalata hanta, kuma da dama daga cikin waɗanda suka kai wannan matsayi ba sa tashi.

Game da baƙin mai kuwa, ba ya warkar da komai. Yana ƙona naman da yake ƙoƙarin tsirowa, yana kuma riƙe ƙura da datti a cikin mikin. Ruwa mai tsabta da aka sa wa ɗan gishiri ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan kuma ba zai yiwu a hutar da jakin ba, kamar yadda Baba ya bayyana, to a ƙalla a yanke rami a jikin akumarin daidai wurin mikin, a ƙara kauri a kewayensa, ta yadda nauyin zai sauka a kan lafiyayyen wuri. Wannan ba ya buƙatar komai sai wuƙa da allura da tsumma mai laushi.

Ummu_Safiyya:
Allah ya ƙara sani, Likita. Ina da tambaya a kan ruwa. Tun ina yarinya nake jin ana cewa kada a ba jaki ruwa yana tsakiyar aiki ko yana cikin gumi, wai zai kamu da ciwon ciki. Shin akwai gaskiya a ciki?

Likitar_Dabbobi:
Hajiya Ummu_Safiyya, wannan magana ta yaɗu a ƙasashe da yawa, kuma ta cutar da jakuna masu yawa. Gaskiya ne jaki yana jure ƙishirwa fiye da doki, amma jurewa daban, rashin buƙata daban. Hana shi ruwa wuni guda cur a cikin rana shi ne yake busar da abin da ke cikin hanjinsa har ya toshe. A miƙa masa ruwa duk lokacin da aka tsaya, a kuma ba shi ɗan lokaci, domin yakan shinshina ya yi jinkiri kafin ya sha, kuma yana ƙyamar ruwa mai datti ko bokiti mai wari. Idan aka ga hancinsa ya buɗe, numfashinsa ya yi sauri, kansa yana rinjaya sama da ƙasa, to zafi ya yi masa yawa, sai a kai shi inuwa, a sauke kayan, a zuba masa ruwa a jiki.

Maƙerin_Zamani:
Ni aikina walda ne, kuma amalanken jaki da yawa sun bi ta hannuna, don haka bari in kawo wani ɓangaren da ba a taɓo ba. Da yawa daga cikin mikin da ake gani a wuya da kafaɗar jakunan amalanke daga ƙirar amalanken yake. Sau da yawa akan ƙera ta da ƙarfen da ya yi nauyi tun kafin a ɗora mata komai, a sa gatarin ƙafafun can baya, sai duk nauyin kayan ya karkata gaba ya danne bayan jakin, ya zama yana ɗauka yana kuma ja a lokaci guda. Jaki da ƙirjinsa ya kamata ya ja, ta hanyar faffaɗan maɗauri mai laushi, amma sai ka ga an ɗaura igiyar roba ko waya a wuyansa, ko an yanko tsohuwar taya wadda zarenta na ƙarfe ya fito yana yankar fata a kowane taku. Sannan akasarin amalanken ba su da abin da zai tare su a gangara, sai su riƙa dukan ƙafafun jakin na baya, shi ya sa ake ganin tabo a wurin. Ko iskar taya kaɗai, idan ta yi ƙasa, tana ƙara wa dabbar aiki ƙwarai. Na sha ba masu amalanke shawara a matsar da gatarin gaba kaɗan, wasu su yarda, wasu su ce haka suka gada.

Tsohon_Mai_Amalanke:
Maganar gatari gaskiya ce, Maƙeri, ni kaina sai da na yi shekaru kafin na gane cewa idan na jera kayan har na iya ɗaga hannun amalanken da hannu ɗaya ba tare da wahala ba, jakin yakan dawo gida da sauran ƙarfinsa. Na yarda akwai abubuwan da sani ne kawai ya raba mu da su. Amma akwai abin da Malam Mai_Lura bai lissafa ba, wato ba kowane jaki ne yake hannun mai shi ba. Mutum yakan sayi jakuna ya bayar haya ga samari, ya ce kowace yamma a kawo masa kuɗi kaza, abin da ya yi saura na yaron ne. Yaron nan ba shi da dalilin tausaya wa dabbar da gobe ma ba lallai ita za a ba shi ba, abin da yake lissafawa shi ne sawu nawa zai yi kafin rana ta faɗi. Jakin da ya fi shan duka a duk inda na yi aiki shi ne jakin haya, kuma idan ka je ka yi wa yaron wa'azi ba ka yi magana da wanda yake da ikon canza komai ba.

Ɗalibin_Ilmi:
Ina so in tunatar da mu cewa wannan ba batun tausayi kaɗai ba ne, hakki ne da za a tambaye mu. Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a aya ta 8 ta Suratun Nahli a cikin ni'imomin da ya yi wa mutane. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani jaki da aka yi wa lalas a fuska, sai ya la'anci wanda ya yi hakan, ya kuma hana dukan dabba a fuska. Haka nan akwai hadisin raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi, har ya nemi mai shi ya ce masa ya ji tsoron Allah game da dabbar da Allah ya mallaka masa, domin ta kai ƙarar cewa yana barin ta da yunwa yana kuma gajiyar da ita. A wannan hadisi mai dabbar aka nema, kuma ina ganin wannan ya amsa maganar haya da Baba ya kawo, domin wanda ya yanka wa yaro kuɗin da ba zai samu ba sai ya zalunci jakin, yana da kaso a cikin kowace sanda da ta sauka.

Mai_Bin_Labarai:
Duk abin da aka faɗa yana da muhimmanci, amma ina tsoron muna maganar miki a bayan dabbar da ake neman ƙarar da ita baki ɗaya. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, wanda ake amfani da shi a maganin gargajiyarsu. Jakunan Sin sun kai kusan miliyan 11 a 1992, yanzu kuwa ba su kai miliyan 2 ba, shi ya sa 'yan kasuwar suka juyo Afirka da Kudancin Amurka da wasu sassan Asiya. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 a kowace shekara saboda fatarsu. Kuma tun da fatar kawai ake so, babu wanda ya damu da ko jakin ya ci ko ya sha a kan hanyar zuwa mayanka, ana kora su kwanaki a ƙasa ko a cusa su cikin manyan motoci, masu ciki da ƙanana da marasa lafiya duk ɗaya. Alhamdu lillahi, Tarayyar Afirka ta haramta wannan ciniki a taron shugabanninta na Addis Ababa a watan Fabrairun 2024, don haka ana iya cewa an shawo kan matsalar a nahiyarmu.

Lauya_Mai_Karatu:
Ɗan'uwa Mai_Bin_Labarai, jimlarka ta ƙarshe tana buƙatar gyara. Matsayar da shugabannin suka ɗauka babban ci gaba ne, amma Tarayyar Afirka ba ta da jami'an da za su tsaya a kan iyaka, kowace ƙasa ce za ta mayar da matsayar dokarta ta kuma aiwatar. Tarihin abin ya nuna cewa tsugune ba ta ƙare ba. Nijar da Burkina Faso sun sanya takunkumi kan fitar da jakuna waje tun 2016, amma hakan bai hana a riƙa tsallakawa da jakuna ta ɓarauniyar hanya zuwa inda ake yankawa ba. Kenya ta ba mayankun jakuna guda 4 lasisi daga 2016, ta rufe su a 2020 bayan masu jakuna sun yi ta koke-koke kan sata, sannan a 2021 kotu ta soke haramcin. Muddin akwai mai saye da tsada, kuma ƙasa ɗaya ta bar ƙofarta a buɗe, jakunan maƙwabtanta ma ba su tsira ba.

Ɗan_Kasuwa_Mai_Gaskiya:
Ku yi mini haƙuri in kawo ra'ayin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Idan fata ta ɗaga darajar jaki, ashe ba talaka mai jaki ne ya amfana ba? Dukiyarsa ce, kuma dabbar da take da tsada an fi kula da ita. Me zai hana a tsara kiwonsu kamar yadda ake kiwon shanu, maimakon a hana mutum sayar da abin da ya mallaka?

Likitar_Dabbobi:
Alhaji, lissafin kiwon ne ba ya fita. Jaka takan ɗauki ciki na wata 12, wani lokaci har ya zarce, ta haifi ɗa guda, kuma wadda take aiki cikin yunwa ba kowace shekara take haihuwa ba. Ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya isa aiki ko haihuwa. Jakuna ba sa jure cunkoso a wuri ɗaya, damuwa tana sa su daina cin abinci su kuma yi ɓari. Ita kanta Sin, da duk ƙarfinta da gonakin da ta kafa don wannan, ba ta iya samar da abin da masana'antunta suke buƙata ba, in da ta iya da ba ta zo neman namu ba.

Ummu_Safiyya:
Alhaji Ɗan_Kasuwa, ka tambayi wanda ya amfana, bari in gaya maka wanda ya yi asara, domin na gani a gidan ƙanwar mahaifiyata. Tana da jaka guda wadda take ɗebo mata ruwa da itace, take kuma kai mata amfanin gona. Wata safiya aka tashi aka tarar da turke da guntuwar igiya, bayan kwana biyu aka tsinci gawar a cikin daji an feɗe fatar an bar sauran. Da ta nemi wata sai ta tarar kuɗin ya fi ƙarfinta nesa, saboda tsadar nan da kake yabo. Ruwan da jakar take ɗaukowa sawu ɗaya ya koma kan 'ya'yanta mata biyu, sawu uku ko huɗu kowace rana, kuma babbar a wannan shekarar ta daina zuwa makaranta da safe, daga baya ta daina gaba ɗaya. Har yau idan na tuna yadda yarinyar take dafe ƙugu bayan ta sauke jarka, raina yakan ɓaci. Tsadar jaki tana amfanar wanda yake da rarar da zai sayar, amma mai guda ɗaya ba ta da abin sayarwa, abin da ya same ta kawai shi ne ta shiga idon ɓarayi.

Matashi_Mai_Fata:
Allah ya mayar mata da alheri, Hajiya. Ni dai ina ganin nan da 'yan shekaru babura masu ƙafa uku za su karɓe wannan aiki, jakuna su huta, maganar ta ƙare.

Maƙerin_Zamani:
Ɗana, a manyan birane hakan yana faruwa, amma babur yana shan mai, yana buƙatar kayan gyara da ake shigowa da su daga waje, kuma ba ya hawa dutse ko ratsa yashi da taɓo. Ko a Bamako, babban birnin Mali, amalanken jakuna suna cikin abin da ake kwashe shara da shi daga unguwanni. Sannan inda babur ya shigo, jakin ba hutawa yake yi ba, sai a rage wa mai shi kuɗin sawu saboda gasa, shi kuma ya ƙara kaya don ya cike gurbin.

Mai_Lura:
Na gode ƙwarai, na ƙaru da abubuwa da yawa, musamman maganar haya da Baba ya kawo, wadda ban yi tunaninta ba ko kaɗan. Amma bari in dawo da mu kan tambayata, domin cinikin fata, duk da girmansa, bai amsa ta ba. Na yarda cewa akwai wuraren da talauci ya ɗaure mutum da jakinsa da igiya ɗaya, kamar matoyar bulo a Indiya da Pakistan da Nepal da Masar, inda ake biyan ma'aikaci gwargwadon yawan bulon da ya kai, da yawansu kuma bashin mai wurin yana kansu tun kafin a fara aikin shekara. A irin wannan wuri ba zan iya duban mutum in ce rashin sani ne ya sa ya yi wa jakinsa lodi ba. Sai dai ku duba jerin abubuwan da aka ambata a nan: ruwa a tsakiyar aiki, rami a akumari, gyaran gatari, barin baƙin mai. Ƙara da dabaibayi da siririyar igiya wadda take cin ƙafa har ta kai ga jijiya, alhali tsumma mai faɗi zai yi aikin, da tsaga hancin jaki da ake yi a wasu ƙasashe wai don ya ƙara shaƙar iska, da lalas a kan gaɓar da ta kumbura. Wanne ne a cikin waɗannan talauci ya tilasta? Wasunsu ma sai an biya wani kafin ya yi wa dabbar wannan aika-aika.

Malamar_Makaranta:
Malam, ina ganin kai da Baba kuna iya zama masu gaskiya a lokaci guda, domin rashin sanin ma ɗan talauci ne. Mutumin da ya kai jakinsa a yi masa lalas yana neman magani ne a inda ya samu, tun da babu likitan dabbobi a kusa da shi, in ma akwai to karatunsa ya fi ƙarfi a kan shanu da awaki da kaji. Gwamnatoci suna ware kuɗin rigakafi ga dabbobin da suke ba da nama da madara, jaki kuwa ba ya shiga wannan lissafi, duk da cewa shi yake kai wa shanun ruwa da abinci, shi yake kai madarar kasuwa. Sai a 2016 ne Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da dawaki da jakuna da alfadaran aiki, kuma har yanzu aiwatar da su ya rage ga kowace ƙasa.

Likitar_Dabbobi:
Malama ta taɓo inda yake mini ciwo. Na gama karatuna ban taɓa duba bakin jaki ba, a wurin aiki na koya. Mutane da yawa, har da wasu abokan aikinmu, suna ɗaukar jaki a matsayin ƙaramin doki, alhali jikinsa yana sarrafa wasu magungunan kashe zafi da sauri fiye da doki, kofatonsa ma ƙirarsa daban ce. Lokacin da murar dawaki ta ɓarke a Afirka ta Yamma daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, dubban jakuna suka mutu, kuma abin da ya kashe da yawansu shi ne an ci gaba da aiki da su suna tari da zazzaɓi har cutar ta sauka huhu. Ga kuma ciwon sarƙewar haƙora da yake shiga ta irin mikin da Malam Mai_Lura ya gani ko ta ƙusa a kofato, wanda allurar rigakafi take hanawa, amma da wuya ka sami jakin aiki da aka taɓa yi wa ita.

Ɗan_Kasuwa_Mai_Gaskiya:
Na ji bayanin Likita da na Hajiya, kuma labarin yarinyar nan ya sa na sake tunani a kan maganata ta farko, ko da yake har yanzu ina ganin hani kaɗai ba zai wadatar ba idan ba a kama masu sata ba. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda kullum sai ƙungiyoyin Turai ne suke zuwa su koya mana darajar dabbar da kakanninmu suka fara horarwa shekaru dubbai da suka wuce.

Mai_Bin_Labarai:
Da farko na karɓi gyaran Lauya, na yi gaggawar yanke hukunci. Alhaji, gaskiya ne manyan ƙungiyoyin da ke kula da dabbobin aiki daga Ingila suke. SPANA ta fara aiki a Arewacin Afirka a 1923, Brooke kuma ta samo asali ne daga asibitin da Dorothy Brooke ta buɗe a Alƙahira a 1934 saboda tsofaffin dawakin yaƙi da sojojin Birtaniya suka bari a Masar. Amma waɗanda suke aikin a yau, likitoci da masu gyaran kofato da masu ɗinkin akumari, akasarinsu 'yan ƙasashen ne, kuma a Kenya masu jakunan da kansu ne suka fita zanga-zanga har gwamnati ta saurare su.

Tsohon_Mai_Amalanke:
Akwai abu biyu da nake so in faɗa a kan kaina, domin kada a ce na zo kare masu jakuna ne kawai. Na farko, na taɓa ɗora wa ɗan jaki kaya bai cika shekara biyu ba, saboda uwarsa ta mutu kuma ba ni da wani. Bayansa ya lotsa, ƙafafunsa na gaba suka karkace, bai yi rabin shekarun da uwarsa ta yi ba. Daga baya na ji cewa bai kamata a sa shi aiki ba sai ya kai shekara 3 ko 4, kuma kada kayan baya su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa. Ba mu da sikeli, amma ido ba mudu ba ne ya san kima, kuma na san na wuce.

Na biyu shi ne tsufa. An ce jakin da aka kula da shi yana iya haura shekara 30, amma ni ban taɓa ganin na amalanke ya kusanci haka ba. Idan ya gaza, abin da aka saba shi ne a kwance igiyar a kore shi, sai ya koma bola yana cin kwali da leda, kuma tun da jaki ba ya amai, ledar nan takan taru ta toshe masa hanji ya mutu a gefen hanya. Ni na riƙe nawa na ƙarshe a gida bayan ya daina aiki, maƙwabta suna cewa ina ciyar da abin da ba ya kawo komai, ni kuwa ina ganin da ƙarfinsa na aurar da 'ya'yana. Malam Mai_Lura, a kan waɗannan biyun ba zan iya gaya maka inda talauci ya tsaya da inda laifina ya fara ba.

Mai_Lura:
Allah ya saka da alheri, Baba, ya kuma sa abin da ka ciyar da shi ya zama a mizaninka. Jiya na koma wurin mutumin da na ba da labarinsa, na gaya masa maganar ramin akumari da ruwan gishiri kamar yadda Likita ta bayyana. Ya saurare ni, ya juya akumarin yana dubawa, ya ce ramin zai gwada domin ya ga hikimarsa, amma baƙin mai ba zai bari ba, saboda shi kaɗai ne yake kore masa ƙudaje, kuma idan ƙuda ya yi ƙwai a mikin tsutsa za ta fito. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Likita, me zai sa a wurin wanda zai hana ƙuda sauka, wanda kuma mutum irinsa zai iya samu a inda yake?